Bindigar Roba ta Zubin Gida a Amurka: Abin da ke Karya ta, da Abin da ya Kai Maganar Kotun Ƙoli

A Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce harhaɗa bindiga da hannunsu, kuma dokar tarayya ba ta hana wanda ya cancanci mallakar bindiga ya ƙera ɗaya don amfanin kansa ba. A cikinsu ne aka samu waɗanda suka gwada wata hanya mai kama da sauƙi: su sami mazubi mai siffar wani sashe na bindigar AR-15, su cakuɗa ruwan roba iri biyu, su zuba, su jira ya daskare. Abin da ke fitowa yakan yi kyau a ido, har layukan jikinsa da ramukansa duk suna nan. Amma labarin da ake ta maimaitawa tsakaninsu kusan iri ɗaya ne: ya tsage ta baya, ramin fil ya buɗe, ya lanƙwashe bayan an bar shi cikin mota da rana. Tunda kamfanoni sun fi shekara 60 suna yin bindigogi da roba suna kuma daɗewa, dole a tambaya me ya sa na zubin gida ke gazawa.

Sai an fara sanin yadda ita AR-15 ɗin take. Eugene Stoner da abokan aikinsa ne suka tsara ta a kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950, kafin a sayar wa Colt a 1959. Gangar jikinta kashi biyu ce, fil biyu ke riƙe da su. Akwatin sama shi ke ɗauke da bututun da harsashi ke bi da kuma ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi. Akwatin ƙasa kuwa yana riƙe da kunama, da 'yar gudumar da ke bugun harsashi, da ramin da gidan harsashi ke shiga, da mariƙin hannu. Can baya akwai wani zobe mai zare da ake ɗaura bututun sifirin a ciki, ƙota kuma a kan wannan bututun take zaune. A idon dokar Amurka, akwatin ƙasan nan shi ne bindigar. Shi ke ɗauke da lambar shaida, shi ake cike wa takarda. Sauran kayan, har da bututun harbi, ana iya aiko wa mutum da su ta gidan waya a yawancin jihohi.

Lokacin da aka harba harsashin .223 Remington, matsin da ke cikin bututu yana iya kaiwa kusan megafaskal 380 (megafaskal ma'aunin matsi ne). Wannan matsin ba ya isa akwatin ƙasa, domin ƙarfen kulle yana sarƙewa ne da wani ƙarfe da ke gindin bututun, ƙarfe da ƙarfe suke ɗaukar wutar a tsakaninsu. Wannan gaskiya ce, kuma daga ita masu zubi suka ɗauko kuskurensu. Suka ce tunda akwatin ƙasa ba ya ganin wuta, kowace roba mai tauri za ta wadatar. Sai dai wutar albarushi ba ita kaɗai ce wahalar da sashen ke sha ba. A kowane harbi, ƙarfe mai nauyi yana komawa baya da gudu ya shige bututun sifirin, ya daki ƙarshensa, sifirin ya maido shi. Duk wannan jijjiga a kan zoben baya take sauka, kuma ba a miƙe take zuwa ba, tana ƙoƙarin lanƙwasa zoben ne daga inda ya haɗu da sauran jiki, wurin da dama an riga an raunana shi da ramin fil na baya. Idan bindigar ta faɗi a kan ƙotarta, tsawon bututun yana ninka ƙarfin faɗuwar a kan wannan wuyan. Nan ne mafi yawan na roba ke karyewa. A watan Disamba na 2012, ƙungiyar Defense Distributed ta Cody Wilson ta gwada wanda aka buga da injin ɗab'i mai fitar da siffa, ya tsinke a daidai wannan wuri bayan harbi 6 kacal. Sai da suka sake zanen gaba ɗaya kafin a watan Fabrairu na 2013 suka nuna wanda ya wuce harbi 600.

Lambobin ƙarfin kayan su ne ke bayyana dalili. Alminiyam ɗin da ake buga akwatin asali da shi, wanda ake kira 7075-T6, yana jure ja har kusan megafaskal 570 kafin ya tsinke. Nailan na masana'anta da aka cakuɗa da zaren gilashi kashi ɗaya cikin uku yana kaiwa kusan 190 idan a bushe yake. Ruwan robar zubi irin foliyuritan da ake sayarwa don aikin hannu kuwa, mafi yawansa bai wuce tsakanin 20 zuwa 60 ba. Ta fuskar ƙin lanƙwasa tazarar ta fi haka muni: alminiyam ya ninka nailan mai gilashi kusan sau bakwai, ya ninka robar zubi sau talatin ko fiye. Stoner ya zana kaurin kowane bango da faɗin kowane lungu ne da lissafin alminiyam. Mazubin da aka kwafo daga akwatin alminiyam zai ba ka wannan kaurin daidai, da kayan da ƙarfinsu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ba. Siffar ta zo, ƙarfin da aka zana siffar dominsa ya tsaya a baya.

To yaya kamfanoni suka ci nasara? A 1959 Remington ya fitar da Nylon 66, doguwar bindiga mai ƙaramin harsashin .22, da nailan ɗin Zytel na kamfanin DuPont, aka kuma sayar da fiye da miliyan ɗaya kafin a daina yin ta a 1989. Heckler & Koch na Jamus ya fitar da ƙaramar bindigar hannu VP70 mai jikin roba a 1970. Sojojin Ostiriya sun karɓi Steyr AUG a ƙarshen shekarun 1970, sannan Glock 17 a farkon shekarun 1980. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne tun daga takardar zane an san roba za a yi amfani da ita. An kaurara inda ke ɗaukar nauyi, an kauce wa lungu mai kaifi, inda kuma ƙarfe ke gogar jiki an dasa ƙarfe tun lokacin zubi. A jikin Glock, saman da ke kai da komo da bututun duk ƙarfe ne, kuma a kan 'yan guntayen ƙarfe da aka binne cikin robar yake gudu. Ko a AR-15 ɗin ma, akwatunan roba na kamfani da suka yi suna wajen ƙarko, irin CAV-15 na Cavalry Arms, ba su bi tsohon zanen ba sam.

Sannan yadda ake yin robar kanta ya bambanta kamar sama da ƙasa. Nailan 66, wani nau'in robar masana'anta, yana narkewa ne a wajen digiri 260 na ma'aunin Selshiyas. A masana'anta ana busar da ƙwayoyinsa tukuna, a narka su a zafin da ya doshi digiri 290, inji ya cusa narkakken cikin mazubin ƙarfe da matsi mai ninka na tayar mota sau ɗaruruwa, ya ci gaba da dannawa har ya huce don kada ya bar rami a ciki. Zaren gilashin, wanda gajeru ne ƙwarai da ba su kai milimita ɗaya ba, an riga an cuɗa su cikin ƙwayoyin, an kuma shafe su da sinadarin da ke sa su manne da nailan. Aikinsu irin na ciyawar da magina ke cuɗawa cikin ƙasar gini ne: tsaga ta taso, ta ci karo da zare, ta tsaya. Injiniya yana lissafa ta inda narkakken zai shiga, domin zaren yana kwanciya ne ta inda ruwan ya bi, kuma duk inda kwararo biyu suka haɗu bayan sun kewaye rami, wurin yana da rauni. Mazubin ƙarfe guda ɗaya yana cin dubban daloli masu yawa, bayan haka kuma a ɗauki samfuri a yi ta harbawa, a jefar, a daskarar, a gasa, kafin a kai kasuwa.

Zubin gida ba narkewa da hucewa ba ne, haɗuwar sinadarai ce da ke faruwa a cikin mazubin, kuma komai na iya ɓata ta. Ɗaya daga cikin ruwan biyu na foliyuritan yana ɗauke da aisosayanet, sinadarin da ke saurin haɗuwa da ruwa. Laimar iska, ko danshin da ke jikin sandar katako da aka motsa da ita, ya isa ya haifar da iskar kabon a cikin ruwan. Wani kumfan yana tasowa sama a gan shi, wani kuma yana maƙalewa a lungu, a ƙarƙashin fata mai santsi, inda babu mai ganinsa sai ranar da abin ya karye aka ga 'yan ramuka kamar kan allura a bakin karayar. Kowane ɗaya daga cikinsu wurin fara tsaga ne, kuma robar da babu zare a cikinta ba ta da abin tsayar da tsagar idan ta kama hanya. Motsawar ma kanta tana shigar da iska, ga shi ruwan yana fara kauri cikin 'yan mintoci, ba ya ba kumfan lokacin fita.

Awo ma haka. Idan ɗaya ruwan ya ɗan fi ɗaya, ko cakuɗar ba ta kai gefen kofi da gindinsa ba, za a sami sashen da bai gama haɗuwa ba. Wani lokaci yakan fito da danƙo a taɓa a ji, wani lokaci kuma ya yi tauri a waje alhali ƙarfinsa bai cika ba. Haɗuwar tana fitar da zafi, wuri mai kauri ya fi zafi ya riga daskarewa, siririn wuri ya biyo baya, sai abin ya fito da ja-in-ja a cikin jikinsa tun kafin a ɗora masa komai. Yana kuma tsukewa kaɗan yayin daskarewa. Idan mazubin na silikon ne mai laushi, nauyin ruwan kansa yana iya tura bangonsa. A kan mutum-mutumin ado, karkatar da ba ta kai kaurin takarda biyu ba babu wanda zai lura. A wurin da kunama da guduma ke riƙe da juna, wannan karkatar ita ce komai.

A nan ne haɗarin ya wuce na asarar kuɗi. Kunama da guduma kowacce tana juyawa a kan fil ɗinta, kuma abin da ke hana guduma faɗawa shi ne ɗan gefen ƙarfe da ya hau kan wani ɗan gefen, hawan da bai kai milimita ɗaya ba. Tazarar ramukan fil biyun ce ke tsare wannan hawan. Sifirin gudumar yana danna fil ɗin dare da rana, ko ana harbi ko ba a yi, roba kuma tana da halin sakin jiki a hankali idan nauyi ya daɗe a kanta, musamman da zafi. Yawancin robar zubi tana fara laushi tsakanin digiri 50 zuwa 80, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana kaiwa 60 ko 70 cikin sauƙi. Ramin da ya fara a zagaye sai ya koma kamar ƙwai. Daga nan bindigar tana iya tashi idan an buge ta, ko ta tashi lokacin da ake sakin kunama, ko ta saki harsashi biyu a ja ɗaya. Mai ita ba zai ga alama ba, domin jiya ta yi aiki lafiya. Ta fuskar doka ma bala'i ne, tunda dokar 1934 ta ɗauki duk bindigar da ke sakin fiye da harsashi ɗaya a ja ɗaya a matsayin mai sarrafa kanta, kuma mallakar irinta ba rajista laifi ne mai ɗauri har shekara 10. Sanyi kuma yana yin akasin zafi, ya mayar da robar mai saurin fashewa. Wasu mayukan wanke bindiga ma suna cin jikinta.

Masu wannan sha'awa sun yi ta neman magani, kuma kowane magani yana zuwa da tasa cutar. Ƙara zare a cikin ruwan yana sa shi kauri ya ƙi shiga lungu, ya kuma riƙe iska fiye da da. Ƙarfen da aka binne ba tare da lissafi ba yana buɗewa da tsukewa da zafi daban da robar da ke kewaye da shi, sai tsagar ta koma farawa daga gefensa. Babu kuma hanyar da mutum a garejinsa zai leƙa cikin abin da ya zuba ya tabbatar babu rami. Guda biyu daga mazubi ɗaya, rana ɗaya, suna iya bambanta nesa ba kusa ba, shi ya sa labarin wanda nasa ya jure ɗaruruwan harbi ba ya zama hujja ga na gaba. Akwai kuma lafiyar mai zubin. Aisosayanet yana cikin sanannun abubuwan da ke jawo asma ta wurin aiki, kuma da zarar jiki ya ƙi shi, ɗan kaɗan ma yana tayar da ciwon har ƙarshen rayuwa. Efoksi, wani nau'in ruwan robar zubi, kuma yana sa wa fata borin da ba ya barin mutum.

Wannan ba yana nufin robar zubi ba ta da amfani ba. A wurin da babu duka, babu zafi, babu ran mutum a kai, tana aiki sosai: ƙotar wuƙa, marfin ado na mariƙi, kayan kwaikwayo da masu shirya fim ke riƙewa. Don irin wannan aka yi ta. A ganinmu, ɗora mata aikin riƙe kunamar bindiga mai harsashi ganganci ne da rayuwar mai riƙon da ta wanda ke tsaye kusa da shi.

Me ya sa to ake ci gaba da nema, alhali akwatin alminiyam na kamfani yana cikin mafi arahar sassan bindigar? Wasu dai son aikin hannu ne da jin daɗin cewa su suka yi. Amma babban abin da ke jan hankali shi ne rashin lamba. Dokar 1968 ta wajabta wa masu ƙera bindiga na kasuwa su buga lambar shaida, dillalai su riƙe bayanin mai saye, daga baya kuma aka ƙara binciken tarihin mai saye. Da wannan lambar 'yan sanda ke bin sawun bindigar da aka tsinta a wurin laifi, daga kamfani zuwa dillali zuwa mai saye na farko. Wadda aka yi a gida ba ta da wannan sawun, shi ya sa ake ce mata bindigar fatalwa. Mutumin da ya kashe mutum 5 a Santa Monica ta jihar Kalifoniya a watan Yuni na 2013 an taɓa hana shi sayen bindiga, sai ya harhaɗa tasa daga akwatin da ba a gama ba. Bindigogin irin wannan da jami'an tsaro suka aika wa ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, don bin sawu sun tashi daga kusan 1,600 a 2017 zuwa fiye da 19,000 a 2021.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: ba zubin gida ne ya kawo wannan hauhawar ba. Mafi yawansu ƙananan bindigogin hannu ne da aka haɗa daga kayan da masana'anta ta yi da nailan mai kyau ta bar ɗan aiki kaɗan, kuma sunan da ya fi fitowa shi ne Polymer80 na jihar Nevada. Kan waɗannan ne ATF ta fitar da ƙa'ida a watan Afrilu na 2022, ta fara aiki ranar 24 ga Agusta, wadda ta ce kayan da za a iya mayarwa bindiga cikin sauƙi bindiga ne, sai da lamba da binciken mai saye. Aka kai ƙara, magana ta je Kotun Ƙoli, kuma ranar 26 ga Maris na 2025, a shari'ar Bondi da VanDerStok, alƙalai 7 suka goyi bayan ƙa'idar, 2 suka ƙi. Mai shari'a Neil Gorsuch, wanda ya rubuta hukuncin, ya kawo misalin wani kunshin Polymer80 da mai gwaji ya mayar bindiga cikin minti 21. Kafin hukuncin ma kamfanin ya riga ya rufe a 2024, bayan ƙararrakin da birane irin su Los Angeles da Baltimore suka shigar.

Ƙa'idar ba ta ɗauki ɗanyen kaya, irin dunƙulen ƙarfe ko ruwan roba, a matsayin bindiga ba, domin babu yadda za a buga wa ruwa lamba. Amma da zarar ya daskare ya zama akwati, bindiga ce, kuma wanda doka ta hana mallakar makami ya aikata laifi tun daga wannan lokacin. Ga kuma dokar 1988 da shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu, wadda ta haramta bindigar da na'urar binciken ƙarfe ba za ta gane ba, ta kafa ma'auni da ƙarfe mai nauyin kusan giram 105, an kuma sabunta ta zuwa 2031. Jihohi sun ƙara nasu. Kalifoniya tun 2018 ta wajabta neman lamba daga hukuma kafin a ƙera, ta kuma ce na roba sai an dasa masa wancan nauyin ƙarfen. New Jersey da New York sun haramta mallakar marasa lamba.

Mai karatu a Najeriya ya sani cewa wannan 'yancin ƙera wa kai na Amurka ne, bai ƙetaro teku ba. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta sai da izinin hukuma, bindiga irin ta soja kuma ba a mallakarta sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma saɓa wannan ɗauri ne mai tsawo. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta fara aiki a 2009, ta wajabta wa ƙasashen ƙungiyar su sa wa kowane makami alamar da ke nuna lambarsa, da wanda ya ƙera shi, da ƙasa da shekarar da aka yi shi, su kuma ajiye rajistar masu ƙera makamai na cikin gida.